Ƙwallon Tana Hannunsa, Ƙafar Tana Mutuwa

Mai karatu, a ce ɗan kabu-kabu ya zubar da ƙanenka a hanyar Jega, gwiwarsa ta goce, ina za ka nufa da shi? Na san amsarka: Aliero. Ai sunan garin a harkar ɗori ya kai inda albasarsa ta kai. To dakata ka ji abin da ya sami Zach Miller.

Ranar 29 ga Oktoban 2017, a birnin New Orleans na Amurka, Miller mai shekara 33 yana yi wa Chicago Bears wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita. Ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a gidan cin maki. Da ya diro, sai gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi ta lanƙwasa ba. Duk da haka bai saki ƙwallon ba sai da ya kai ƙasa.

Kai da za ka ce mene ne? Mummunan targaɗe, a ja, a ɗaure, ko ba haka ba?

Ashe ɓarnar tana ɓoye. A bayan gwiwa akwai babbar jijiyar da ke kai jini har tafin ƙafa, kuma a ɗaure take sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. Gocewar ta yage ta. Irin wannan gwiwa takan koma mazauninta da kanta, ido ya ga kamar lafiya lau, alhali ƙafa tana sanyi, bugun jini ya ɗauke. Idan aka haura awa shida zuwa takwas jini bai koma ba, yawanci sai yankewa. Wane karan ɗori ne zai ɗinke jijiya? Shi ya sa mai irin wannan rauni, asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko na Sakkwato ya kamata ya fara gani, kuma a ranar.

Shi dai Miller an garzaya da shi asibitin jami'a na birnin, likitoci suka yanko jijiya daga ƙafarsa ta dama suka yi wa ta hagu faci. An yi masa tiyata har tara. Ƙafa ta tsira, amma bai sake wasa ba, a 2019 ya yi ritaya.

Makin fa? Alƙalan wasa suka sake duba bidiyo, suka ce ai ƙwallon ba ta kamu ba, suka soke shi. Aka ci Bears 20 da 12.