Amanar Bayanan Majinyaci Tsakanin Enugu da Kano

Tun kafin Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu a shekarun 1950, ba a raba Hausawan wannan birni da kai-komo tsakanin kudu da arewa, har ya zamana a yau mazaunin unguwar Obiagu a Enugu yana da kati a Asibitin Koyarwa na Ituku-Ozalla, yana da wani a na Malam Aminu Kano da ke Kano, alhali kuwa hawan jininsa ba ya sauyawa da sauyin gari. Likitan da bai ga fayil ɗin farko ba tilas ya sake awon jini da ɗaukar hoto, a biya kuɗi sau biyu, la'alla ma ya rubuta maganin da jikin mara lafiyan ya taɓa ƙi.

Ajiye bayanai a kwamfuta yana iya magance wannan, amma bisa sharuɗɗa uku. Na farko, na'urorin asibitocin su yi ittifaƙi a kan tsarin rubutu guda, irin ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7. Na biyu, a tantance mai fayil da hujja tabbatacciya kamar lambar ɗan ƙasa ta NIN, domin masu suna Muhammadu Sani ba sa ƙidayuwa, cuɗanya fayil biyu kuwa halaka ne. Na uku, a kulle bayanin da mabuɗin sirri yayin aikawa, na'ura kuma ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya buɗe shi da sa'ar da ya buɗe.

Sharaɗin ƙarshen nan shi ne mafi nauyi, saboda a unguwar da kowa ya san kowa, ake haɗuwa a sahu ɗaya, ake ba da kaya bashi bisa yarda, fitar labarin cuta mai karya garkuwar jiki ko taɓin hankali yana iya rushe neman aure ya durƙusar da kasuwanci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta bayyana halin majinyaci sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta cutar da jama'a, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta tsaronsa. Wannan ya dace da abin da malaman fiƙihu suka tabbatar, cewa lalura ba a wuce gwargwadonta: likitan ƙashi ya ga abin da ya shafi karaya, sauran ba huruminsa ba ne. Masu kutse ma ba barci suke ba, domin a watan Mayun 2017 sun tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama.

Kafin wannan tsari ya kankama, wajibi ne matafiyi ya nemi takardar sallama mai ɗauke da sunan cutarsa da magungunansa, kuma kada ya sa hannu a takardar izini sai ya tambayi wa za a nuna wa, don me, zuwa yaushe.