Kunne, Ido da Ƙuri'a: Yadda Ake Yanke Hukunci a Gasar Waƙa ta Talabijin

Mawaƙi ya sauke baitinsa na ƙarshe, kiɗa ya tsaya, zaure ya kaure da tafi. Kyamara ta koma kan mutum uku ko huɗu da ke zaune a bayan tebur, kowannensu ya faɗi albarkacin bakinsa: wannan ya yaba, wancan ya kushe. Mai kallo a gida yakan ɗauka a nan ake gama hukunci. Alhali kuwa hannu uku ne ke yanke shi. Akwai masu shirya shirin, waɗanda ba a ganin fuskarsu. Akwai alƙalan da ke kan kujera. Akwai kuma jama'ar da ke riƙe da waya. Kowane ɓangare da irin tambayar da yake amsawa, kuma yawancin gardamar da ke tashi idan aka sallami wani ɗan takara, rashin bambance tambayoyin nan ne ke haifar da ita.

Tsarin da ya game duniya a yau ya yi ƙarfi ne daga shirin Pop Idol, wanda Simon Fuller ya ƙirƙiro a Birtaniya a 2001. Shekara guda bayan haka aka fara American Idol a Amurka, da Simon Cowell da Paula Abdul da Randy Jackson a kujerun alƙalanci, Kelly Clarkson ta lashe karon farko. Daga nan salon ya iso Najeriya. Timi Dakolo ya ci Idols West Africa a 2007, Iyanya ya ci Project Fame a 2008, Chidinma ta ci a 2010, Mercy Chinwo kuma ta ɗauki kambin Nigerian Idol a 2012. Da aka buɗe The Voice Nigeria a 2016, sai ga Timi Dakolo ɗin nan a kan kujera tare da 2Baba da Waje da Patoranking, yana auna wasu kamar yadda aka taɓa auna shi.

Kafin a kai ga alƙalai

Dubban mutane ne ke yin layi ranar gwajin murya, kuma babu yadda za a yi mutum huɗu su saurare su duka. Saboda haka ma'aikatan shirin ne ke fara tankaɗe da rairaya, sau da yawa zagaye fiye da ɗaya, kafin a gabatar da kaɗan ga alƙalan da ake nunawa. Tambayar waɗannan ma'aikata ita ce: wa zai sa mai kallo ya ƙi canza tasha? Mai zaƙin murya zai wuce, haka ma mai labari mai taɓa zuciya. A wasu shirye-shiryen har wanda bai iya ba akan bari ya wuce don a yi masa dariya, abin da bai dace a yi wa ɗan Adam ba.

Ikon masu shiryawa bai tsaya nan ba. Ba kowace waƙa ɗan takara zai rera ba, sai wadda aka samu izinin masu haƙƙin mallakarta. Akan kuma datse ta ta koma kamar minti biyu. Su ne ke tsara wanda zai fara da wanda zai rufe, su ne ke zaɓen gajeren fim ɗin da za a nuna na gidan ɗan takara da iyayensa kafin ya hau dandamali. Sashen da aka naɗa tun da farko kuwa ana iya taɓa sautinsa. A 2010 an yi ta ce-ce-ku-ce a Birtaniya da masu shirin The X Factor suka amsa cewa sun gyara muryoyin wasu da na'ura a sashen gwaji. Shi ya sa zagayen kai-tsaye ya fi komai nauyi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da kunnen alƙali ke nema

Na farko shi ne daidaituwar murya da kiɗa. Kowane sauti yana da matsayinsa, ko sama ko ƙasa, gwargwadon saurin kaɗawar tantanin da ke cikin maƙogwaro. Sautin da makaɗan zamani suka saba daidaita kayansu da shi yana kaɗawa sau 440 a cikin sakan ɗaya. Idan muryar mawaƙi ta ɗan gaza matsayin da kiɗa ke nema, ko ta ɗan zarce, mai sauraro zai ji wani abu ya karkace ko da ba zai iya kiran sunansa ba. Aikin alƙali shi ne ya kira sunan, ya kuma nuna wurin.

Na biyu numfashi, wanda a kansa sauran duk suka dogara. Tsoro yana gajarta shi, yana busar da maƙogwaro, yana ɗaure kafaɗa. Wanda ya shaƙi iska kaɗan zai fara layi da kyau, amma kafin ya kai ƙarshe iskar ta ƙare, muryar ta zame ƙasa. Don haka gogaggen alƙali ya fi kasa kunne ga wutsiyar layi fiye da farkonsa. Yana kuma lura da inda mawaƙi ke shaƙar iska. Wanda ya yanke kalma biyu don ya numfasa bai tsara waƙarsa ba tukuna.

Na uku hawa kiɗa. Mai fargaba yakan riga kiɗa, kamar yana son ya gama ya sauka. Wanda ya taso yana jin yadda jagora ke ajiye baiti 'yan amshi su karɓa a daidai bugun kalangu, ya san cewa jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya ɓata amo. Ƙwararre yana iya ɗan jan baya da gangan don ya ƙara wa kalma nauyi, sannan ya dawo ya tarar da kiɗan. Alƙali na neman ya gane ko ganganci ne ko kuskure.

Na huɗu zaɓen waƙa da matsayin da aka ɗora ta. Kowace murya tana da iyakarta ta sama da ta ƙasa, kuma tana da wurin da ta fi zaƙi a tsakani. Da yawa sukan ɗauko waƙar wani gwani mai dogon zango don su burge, sai farkonta ya yi musu ƙasa har ba a jin su, ƙarshenta ya yi musu sama har su koma ihu. An sha sallamar masu murya mai kyau saboda wannan kaɗai. Sanin abin da muryarka ba za ta iya ba yana cikin iyawa.

Na biyar shi ne wanda ya fi wuyar aunawa: isar da ma'ana. Ana jin kalmomin? Mawaƙin ya san abin da yake faɗa, ko haddace sauti kawai ya yi? Akwai masu cika kowace gaɓa da lanƙwasa murya har ma'anar ta ɓace. Akwai kuma masu kwaikwayon mai waƙar tsaf, har da irin dishewarsa. Kwaikwayo yana nuna kunne mai kyau, amma gasar tana neman wanda za a ji muryarsa a rediyo a gane shi ba tare da an faɗi suna ba.

Sai a ƙara da wani abu da mai kallo ba ya cika sani: sautin da alƙali ke ji a zaure daban yake da wanda ke fitowa a talabijin. A zaure akwai manyan lasifikoki da ihun 'yan kallo, waɗanda ke rufe ƙananan kurakurai. A gida kuwa muryar tana zuwa a tace, kusa da kunne. Shi kansa mawaƙin da 'yar na'urar da ke maƙale a kunnensa yake jin kiɗa da muryarsa. Idan ta samu matsala zai iya kaucewa ba tare da ya sani ba. Wannan na daga cikin dalilan da alƙali zai miƙe yana tafi alhali na gida yana yamutsa fuska.

Inda ido ke rinjayar kunne

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma bincike ya nuna maganar ta shafi har ƙwararru. A 2013 Chia-Jung Tsay ta wallafa wani nazari inda ta bai wa mutane, ciki har da gogaggun makaɗa, gajerun sassa na waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a manyan gasannin kiɗan gargajiyar Turai, ta ce su faɗi wanda ya yi nasara. Waɗanda suka kalli bidiyo babu sauti sun fi dacewa da zaɓin alƙalai fiye da waɗanda suka ji sauti babu hoto. Ma'ana, tsayuwa da motsi da yanayin fuska suna shiga maki ko alƙali bai yi niyya ba. Duniya ta ga haka a fili a 2009, lokacin da zaure ya raina Susan Boyle saboda kamanninta a Britain's Got Talent, har sai da ta buɗe baki.

Don magance wannan ne John de Mol ya fito da The Voice a Holand a 2010, inda alƙalai ke juya wa mawaƙi baya, sai muryar ta gamsar da su sannan su danna maɓalli kujera ta juyo. Dabara ce mai kyau, amma a zagayen farko kawai take aiki. Da zarar kujera ta juyo, ido ya dawo, kuma alƙalin ya zama kocin ɗan takarar, yana da nasa buri a cikin nasararsa.

Jerin fitowa ma yana da tasiri. Nazarin Wändi Bruine de Bruin na 2005 a kan gasar Eurovision ya nuna waɗanda ke fitowa daga baya sukan fi samun maki. Alƙali yakan riƙe hannu da farko don bai san abin da ke tafe ba, kuma abin da aka ji a ƙarshe shi ya fi zama a rai.

Ƙuri'ar jama'a

Jama'a tambayarsu daban: wa nake so in sake gani mako mai zuwa? A cikin amsar akwai murya, akwai tausayi, akwai ɗan garinmu ne. Lokacin da Mohammed Assaf na Gaza ya lashe Arab Idol a 2013, muryarsa ta cancanta, amma farin cikin da ya cika titunan Falasɗinawa ya wuce na waƙa. Wannan ba laifi ba ne. Abin sani dai shi ne ƙuri'a so take aunawa.

Eurovision, wadda ake yi tsakanin ƙasashe tun 1956, ita ta fi nuna tazarar a sarari, domin tun 2016 ake bayyana makin alƙalai daban, na jama'a daban. Alƙalan kowace ƙasa suna duba ƙarfin murya, da yadda aka gabatar a dandamali, da tsarin waƙar da sabuntarta, da kuma yadda duka abin ya zauna a rai. Ba su da damar zaɓen ƙasarsu. A 2023 Käärijä na Finlan ya samu maki 376 daga jama'a, Loreen ta Suwidin ta samu 243, amma alƙalai suka ba ta 340, ta yi nasara da jimillar 583. Su ma alƙalan ana sa musu ido: a 2022 an soke makin alƙalan ƙasashe shida saboda an ga alamun rashin gaskiya a yadda suka zaɓi juna.

Kuma duk ɓangarorin ukun dare ɗaya suke aunawa. Jennifer Hudson ta tsaya a matsayi na bakwai a American Idol na 2004, amma a 2007 ta karɓi lambar Oscar. One Direction na uku suka zo a The X Factor na 2010. Ganin ƙuri'a kan zubar da gwani da wuri ya sa American Idol ta bai wa alƙalai damar ceto mutum ɗaya a 2009.

Abin da ya rataya a wuyan alƙali

Wannan duka ya shafe mu, domin mawaƙanmu matasa da yawa a sitidiyo suka tashi, inda ake ɗora murya layi-layi, kwamfuta ta miƙe abin da ya karkace. Wanda bai saba rera waƙa daga farko zuwa ƙarshe a gaban mutane ba zai sha wuya a dandamalin kai-tsaye, komai farin jininsa. A ɗaya ɓangaren, kunnen Bahaushe ya ɗora nauyi mai yawa a kan magana: azanci, da habaici, da kirari, da dacewar amsa-amo. Da kuntigi kaɗai Ɗanmaraya Jos ya riƙe masu sauraro shekara da shekaru, domin bakinsa na ɗauke da kaya. Alƙalin da ba ya jin harshen da ake waƙa da shi rabin aikin kawai zai iya aunawa, kuma duk gasar da ke son yi wa mawaƙan Hausa adalci dole ta zaunar da wanda ya san wannan ma'auni.

Abin da ke raba alƙali nagari da mai cika kujera shi ne hujja. “Ka burge ni” ba ta koya wa kowa komai, haka ma cin fuska. Amma idan ya ce wa yarinya, “'Yata, a amshi na biyu numfashinki ya ƙare, shi ya sa muryar ta sauka; ki shaƙi iska kafin kalmar ƙarshe,” to ya ba ta abin da za ta yi aiki da shi gobe, ya kuma buɗe kunnen miliyoyin masu kallo. Matashin da ya tsaya a gaban duniya ya miƙa muryarsa ya cancanci a gaya masa gaskiya cikin mutunci. Mu kuma masu kallo, haƙƙinmu ne mu riƙa auna alƙalan da wannan ma'auni: duk wanda ya yanke hukunci, ya faɗi abin da ya ji, da inda ya ji shi, da yadda za a gyara.