Mai Cutar Sikila Zai Iya Hawan Tsaunukan Gashaka-Gumti?

Gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa shi ne mafi girma cikin gandayen dajin da gwamnatin tarayya ke karewa a Najeriya, an kafa shi a 1991. A cikinsa ne tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Ɗalibai da masu yawon buɗe ido kan je don ganin kurmi da namun daji. Amma ga mai cutar sikila (amosanin jini), tafiyar na buƙatar shawarar likita tukuna.

Me ke faruwa a jiki?

Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Duk yadda mutum ya ƙara hawa, iskar oksijin da ke shiga jininsa na raguwa. A jikin mai SS, jajayen ƙwayoyin jini sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Sanyin tsauni, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara tayar da ciwon. Mai AS yawanci ba ya samun matsala, amma wani lokaci saifarsa kan kamu idan ya yi aikin ƙarfi a wuri mai tudu sosai.

Kafin tafiya

- San rukuninka: AA, AS, SS ko SC. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na iya yin gwajin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya.
- Mai SS ko SC ya ga likitan jini makonni kafin tafiya. Shawararmu ita ce ya haƙura da hawa ƙololuwa.
- Kar a daina shan folik asid ko sauran magungunan da aka rubuta.
- A tafi da rigar sanyi, isasshen ruwan sha da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ma na tayar da sikila.

Alamomin haɗari

Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, zazzaɓi, tsananin ciwon ƙashi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Da zarar ɗaya ta bayyana, a daina hawa, a sauko, a nufi asibiti. Kar a tsaya jiran ya lafa, domin daga cikin dajin zuwa garin Serti tafiya ce mai nisa.

Iyaye, idan makaranta ta shirya irin wannan ziyara, ku sanar da malamai matsayin ɗanku tun kafin a rubuta sunansa.