Siakam ya koma Indiana, ya bar mu da gardama a teburin mai shayi

Da ƙarfe tara na daren Alhamis, 8 ga Fabrairun 2024, agogon Duwala, aka rufe kasuwar musayar 'yan wasa ta gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Mu shida ne a teburin mai shayi a unguwarmu ta New Bell, kowa ya duƙufa kan wayarsa, shayi ya huce ba wanda ya kula. Da lokaci ya cika sai wani tela, wanda ya girme mu duka, ya kife wayarsa a kan benci ya ce, "To, shi ke nan. Wai abin da aka ba mu a madadin Pascal ke nan?"

Tun ranar 17 ga Janairu ƙungiyar Toronto Raptors ta miƙa Pascal Siakam ga Indiana Pacers, amma mun yi ta danne zuciya muna cewa a jira ranar rufe kasuwa, wataƙila akwai sauran dabara. Yanzu an rufe, sai lissafi.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mazauna Duwala da wata ƙungiya a Kanada? Siakam ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi a 1994. Bai fara ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kusa shekara goma sha takwas, bayan an gano shi a sansanin horo na Luc Mbah a Moute. Toronto ta ɗauke shi a 2016, shi ne na 27 a jerin zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar. Wanda ke riƙe da ragamar ƙungiyar a lokacin kuma, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Ɗan Duwala a fili, ɗan Zazzau a ofis: ai ba sai an roƙe mu ba.

Ba na manta wasan farko na zagayen ƙarshe a 2019, da Golden State Warriors. Cikin azumi ne. An fara wajen ƙarfe biyu na dare a nan, muka kalla har lokacin sahur, Siakam ya zuba maki 32, cikin jifa 17 guda uku kawai ya ɓarar. Mako biyu bayan nan suka ɗaga kofi, karo na farko a tarihin ƙungiyar. Tun daga lokacin rigar nan mai lamba 43 ta zama kayan ado a wurin samarin unguwa. Ya sha bayyana ma'anar lambar: huɗu mahaifinsa ne da yayyensa maza uku, uku kuwa mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata biyu. Mahaifin ya rasu a hatsarin mota a 2014, yana karatu a Amurka, bai samu zuwa jana'iza ba.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa sai ya ɗan daure a nan, don cinikin NBA daban ne. Ba a zube kuɗi a sayi ɗan wasa kamar yadda ake yi a Turai. Musaya ake yi, mutum da mutum, kuma albashin waɗanda aka bayar dole ya yi kusa da na waɗanda aka karɓa. Galibi ba a ma tambayar ɗan wasan ko yana so. Sannan akwai wani kaya da ake haɗawa a cikin ciniki, wato gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi duk watan Yuni. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a kaka ita ta fi samun damar zaɓa da wuri, wadda ta yi ƙoƙari kuma sai ta jira a baya.

Abin da Toronto ta karɓa shi ne Bruce Brown, da Jordan Nwora mai buga wa Najeriya, da Kira Lewis, da gurabe uku a zagayen farko na zaɓe, biyu a 2024, ɗaya a 2026. A ranar rufe kasuwa ta haɗa Lewis da ɗaya daga cikin guraben da Otto Porter ta kai wa Utah, ta karɓo Kelly Olynyk da Ochai Agbaji. Brown da kowa ya ɗauka za a sake juya shi a samo wani abu, ya zauna, ba a sayar da shi a ranar ba.

Telan nan namu bai ga komai a ciki ba sai faɗuwa. Ya ce mutumin da sau biyu ana zaɓarsa cikin taurarin gasar, yana cin fiye da maki 22 a kowane wasa, a ce ba a samu ko matashi ɗaya daga cikin zaratan Indiana ba? "Su gurabe kuma cinikin biri a sama ne. Ka san wa za ka samu? Kuma Indiana da ka ba ta Pascal ai ƙara mata ƙarfi ka yi, gurbinta can baya zai faɗo." Nan kam ya yi gaskiya. Masana ma sun daɗe suna cewa zaɓen 2024 ba shi da manyan kaya.

Ƙanena, wanda ke kwana yana karanta ƙa'idojin albashin NBA kamar zai rubuta jarrabawa a kansu, bai yarda ba.

"Baba, ka yi haƙuri, amma kwantiraginsa fa watanni kaɗan suka rage. In damina ta zo yana iya ɗaukar jakarsa ya tafi inda ya ga dama, ko sisi ba za a ba mu ba. Ka manta VanVleet?"

Ba wanda ya manta. A 2023 Fred VanVleet ya tafi Houston, Toronto ta tashi hannu rabbana. Ƙanen nawa ya ci gaba da cewa Siakam na dab da shekara talatin, Scottie Barnes kuma da ake son gina ƙungiyar a kansa shekararsa 22, kuma a makon ma aka saka shi cikin taurarin 2024. Kafin Barnes ya nuna, Siakam ya fara sanyi, ga albashi mai nauyi a wuya. Da babu gara ba daɗi, in ji shi.

Ni dai na fi karkata ga wani abu da ba su faɗa ba. Farashin da aka samu a Janairu shi ne farashin ranar, ban ga wanda zai biya fiye da haka a kan mutumin da ba a da tabbacin zai zauna ba. Kuskuren tun bara aka yi shi. A Fabrairun 2023, lokacin da Siakam da VanVleet da OG Anunoby duk suna da daraja a kasuwa, Ujiri ya ƙi sayarwa, sai ma ya sayo: ya ba San Antonio gurbin Toronto na kanta ya dawo da Jakob Poeltl. Sakamakon, ko wasannin fitar da gwani ba a shiga ba. A Fabrairun 2024 sai ga mu a tsaka mai wuya, don gurbin nan ba zai tsira a hannunmu ba sai ya faɗo cikin shida na farko. Wato ko shan kashin da muke yi a waccan kakar yana iya zama wahalar banza, wani ya ci ribarta. Duk ɗan kasuwa a New Bell ya san yadda tumatir ke yi in ka ce "albarka" da safe, ka ce "albarka" da rana, magariba ta same ka da kwando cike.

Amma ban iya zagin mutumin ba. Na kalli taron manema labarai da ya yi washegarin cinikin, muryarsa na rawa in ya zo kan Pascal. Ina zaton abin da ya hana shi sallamawa da wuri shi ne abin da ya hana mu yarda an sallama. Cikin waɗanda suka ci kofin 2019, Chris Boucher kaɗai ya rage a ƙungiyar a lokacin.

Mai shayin, wanda ba ruwansa da ƙwallon kwando, kuma har yanzu bai huce ba tun da Najeriya ta fitar da Kamaru daga kofin Afirka da ci biyu da nema, shi ne ya jefo tambayar da ta sa muka yi tsit. "Wai ku tsaya. Ku Toronto kuke so ko yaron?"

Mutum biyu suka ce yaron, ba ko kunya. Sun ce sun riga sun koma Indiana, kuma suna da hujja: can akwai Tyrese Haliburton mai raba ƙwallo kamar yana rabon goro, ƙungiyar na gudu, irin wasan da Pascal ya fi so. Telan ya ce shi ba ya canza riga don an canza mai sawa, ko da yake na lura rigar tasa har yau 43 ce a baya. Ƙanena ya ce shi Barnes yake bi yanzu. Da aka juyo kaina sai na ɗauki kofin shayin da ya huce na kurɓa.

A lokacin muna jiran ranar Laraba, 14 ga Fabrairun 2024, da Indiana za ta je Toronto, karo na farko da Siakam zai taka filin a matsayin baƙo. A nan sai bayan ƙarfe ɗaya na dare za a fara. Mun haɗa kuɗin man janareta, telan ya ce a shagonsa za a kalla, kuma ya riga ya raba benci biyu, ɗaya na 'yan Toronto, ɗaya na waɗanda ya ke kira 'yan gudun hijira. Ni na ce masa zan zo da kujerata daga gida.