Ko Kun Sani? Man da ke ƙarƙashin tsaunukan Zagros

Rijiyar mai ta farko da ta yi albarka a Gabas ta Tsakiya, a gindin tsaunukan Zagros na Iran aka haƙa ta. A Masjed Soleyman ne, ranar 26 ga Mayu, 1908, aka ci karo da man a zurfin kusan mita 360.

Dutsen da ya riƙe man nan, wanda ake kira Asmari, na farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi. Asalinsa ragowar ƙananan halittun teku ne da suka kwanta sama da shekara miliyan 20 da suka wuce. Da ƙasar Larabawa ta yi ta tunkuɗar ta Iran, sai shimfiɗun dutsen suka lanƙwashe suka yi doro, kamar ƙwarya a kife, man ya hau ya taru a can sama. Gishiri mai kauri ya rufe shi ruf.

Abin mamakin shi ne, dutsen kansa a matse yake. Tsagewar da lanƙwasar ta yi masa ce ta buɗe wa man hanya, shi ya sa rijiyoyin yankin suke zuba sosai. Haka ma Kirkuk ta Iraƙi, inda mai ya ɓalle a 1927.