Takardar Shaidar Mutuwa: Amfaninta da Yadda A Ke Samunta

Yau za mu yi magana a kan wani abu wanda ba mai son a tuna masa da shi, amma ba gidan da ba ya shiga, watau mutuwa. In an yi rasuwa, hankalin kowa yana kan wanka da sutura da jana'iza da karɓar gaisuwa. Wannan daidai ne. Amma akwai wani aiki guda da a kan manta, sai bayan wata shida ko shekara a zo ana nemansa ido rufe. Aikin nan shi ne rubuta mutuwar a ofishin hukuma, da karɓo takardar shaida.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya akwai doka ta 1992 wadda ta wajabta a rubuta ko wace haihuwa da ko wace mutuwa. Wannan aiki yana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, galibi a sakatariya, waɗansu kuwa suna zama a manyan asibitoci da ɗakunan shan magani. Mutumin da ke rubuta haihuwar jarirai, shi ne kuma ke rubuta mutuwa. In ka taɓa karɓo wa ɗanka takardar haihuwa, to, ka riga ka san ƙofar.

Takardu biyu ne, kada ka haɗa su

Nan ne mutane da yawa su ke rikicewa, sabo da haka ka kasa kunne.

Ta fari ita ce takardar likita. In mutum ya rasu a asibiti, likitan da ya duba shi ya kan rubuta sunansa, da ranar da ya rasu, da ciwon da ya yi ajalinsa, ya sa hannu. Likita ne kaɗai ke da ikon rubuta wannan. Mu ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye ba mu da wannan iko, kada ka ga kamar rowa mu ke yi maka.

Ta biyu ita ce takardar hukuma, wadda mai rajista ke bayarwa bayan ya shigar da sunan mamaci cikin littafin gwamnati. Tana da lamba, da hatimi, da sa hannu. Takardar likita tana faɗin abin da ya kashe mutum. Takardar hukuma tana tabbatar wa ko wane ofishi cewa lalle mutumin nan ya rasu. In ka sami ta likita, kada ka naɗe ta ka ce an gama. Ɗauke ta ka kai wa mai rajista, ita ce za ta sa aikinka ya yi sauƙi.

Me za ta yi wa iyali?

Wani zai ce, "Duk gari an san ya rasu, ga kabarinsa can, me ya kawo zancen takarda?" Gaskiya ne, gari ya sani. Amma banki bai sani ba, kotu ba ta sani ba, ofishin fansho bai sani ba. Su ba su halarci jana'iza ba, takarda su ke karantawa.

Ga misali. Manomi ya sayar da amfanin gonarsa ya zuba kuɗin a banki, sai ajali ya zo. Ya bar mata biyu da 'ya'ya ƙanana. Bankin ba zai miƙa wa kowa ko kwabo ba don an zo an ce ya mutu. Zai nemi takardar shaidar mutuwa, ya nemi kuma takarda daga kotu mai nuna wanda aka yarda ya karɓi dukiyar a madadin magada. Ita ma kotun za ta so ta ga shaidar mutuwar kafin ta ba da tata. Ka ga ke nan, in babu ta farko, sauran duk sun tsaya. Kuɗin marayu yana kwance, su kuwa suna neman na hatsi.

Haka kuma in mamacin ma'aikaci ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikacin da ke ƙarƙashinta a yi masa inshorar rai, wadda ba za ta gaza albashinsa na shekara sau uku ba. In ya rasu yana bakin aiki, wannan kuɗi da abin da ya tara a asusunsa na fansho haƙƙin magadansa ne. Amma ba a biya sai an kawo shaidar mutuwa.

Tana kuma maganin gardama. In rigimar gona ko gida ta tashi bayan shekaru, a kan yi musu a kan wa ya riga wa rasuwa, domin a rabon gado wannan yana canja wanda zai ci da wanda ba zai ci ba. Tsofaffin da suka san zancen suna iya mantawa, suna iya rasuwa su ma. Ranar da aka rubuta a littafi kuwa tana nan.

Yadda za ka yi

1. Ka je ofishin ƙaramar hukumar da aka yi mutuwar. In mutumin Dutsin-ma ya rasu a asibiti a Kano, a Kano za a rubuta, ko da an kai gawarsa gida an binne.

2. Wanda ya fi dacewa ya je shi ne mai gida, ko ɗan'uwa na kusa, ko wanda aka yi rasuwar a gabansa. In matar mamaci tana takaba, babban ɗa ko ɗan'uwan da aka amince da shi ya je, amma ya gaya mata abin da ya yi, ya nuna mata takardar.

3. In a asibiti aka rasu, ka karɓi takardar likita tun kafin ku watse daga can, ko ka koma cikin kwanakin nan. In ka bari aka daɗe, wataƙila an canja wa likitan wurin aiki, neman katin majinyaci kuwa ya zama wahala.

4. In a gida aka rasu, ba likita a kusa, ka sanar da mai unguwa ko dagaci. Ka roƙe shi ya ba ka wasiƙa mai faɗin sunan mamaci da ranar da ya rasu. Liman ko shugaban coci wanda ya yi jana'izar shi ma shaida ne. Sau da yawa a kan ce ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka haɗa da wannan.

5. Ka tafi da katin ɗan ƙasa na mamacin in yana da shi, da naka kai ma. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin rubuta haihuwa da mutuwa a kwamfuta, sabo da haka ana iya tambayarka lambar da ke jikin katin.

6. Za a tambaye ka cikakken sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da inda ya ke zaune, da rana da wurin da ya rasu. Ka faɗi gaskiya. Kada ka ƙara shekaru, kada ka rage.

7. Kafin ka bar ofishin, ka karanta takardar, ko ka sa wani ya karanta maka. Ka lura da suna ƙwarai. In a banki an rubuta Muhammadu, a takarda kuwa aka rubuta Mamman, za a ce mutum biyu ne, a komo da kai. Sunan da ke jikin katinsa da takardunsa na banki ko na wurin aiki, shi za a rubuta, harafi da harafi.

8. In an ce ka biya wani kuɗi, ka nemi rasit. Kada ka ba ɗan tsakani kuɗi a bakin ƙofa don ya kawo maka takarda. Takardar da ba ta da asali a littafin hukuma ta jabu ce, ranar da aka bincika kai za a kama.

Kada ka yi jinkiri. Lokacin da ya fi kyau shi ne kwanakin zaman makoki, dangi suna nan, shaidu ba su watse ba, kowa yana tune da ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ranar da banki ya nema, za a tambaye shi shaidu da takardu fiye da wanda ya zo da wuri.

Mutuwar haɗari da ta wata ƙasa

In mutum ya mutu a haɗarin mota, ko ruwa ya ci shi, ko aka tsinci gawarsa, ko ana zaton da hannun wani, a fara sanar da 'yan sanda. Rahotonsu yana cikin abin da za a nema daga baya.

In kuwa ɗan'uwanku ya rasu a wata ƙasa, ƙa'idar ɗaya ce, watau inda aka mutu can a ke rubutawa. A Nijar ofishin magajin gari ke wannan aiki. A Amurka ofisoshin jiha ko na gunduma ke ajiye littafin, su ne ke ba da kofe mai hatimi. Ku gaya wa waɗanda ke can su karɓi fiye da ɗaya su aiko, domin nemanta daga nan gida aiki ne babba.

Yadda za ka adana ta

Ka sa ta cikin leda, ka ajiye a akwati inda ruwa da gara da ɓera ba za su kai ba. Ka sa a buga maka kofe kamar biyar. In ofishi ya nema, ka nuna ta asali su gani, ka bar musu kofe. Ka rubuta lambarta a wani wuri dabam. In ta ɓace ko ta ƙone, ka koma ofishin da ya ba ka da wannan lamba, za su fi saurin gano sunan a littafi.

Amfaninta ga gari duka

Saura abu guda, wanda ya shafe mu ma'aikatan lafiya. Ba za a iya yaƙi da cutar da ba a san tana kisa ba. In yara biyar sun mutu cikin mako guda a ƙauye guda, aka binne su ba wanda ya faɗa, hukuma ba ta da labari. In an faɗa kuwa, za a aiko a bincika ko sanƙarau ne, ko ƙyanda, ko amai da gudawa, a kawo allura ko a gyara rijiya kafin abin ya bazu.

Ku tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010. A waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suna niƙa duwatsun zinariya cikin gidajensu, ba su san akwai gubar dalma a ciki ba. Yara ƙanana suka yi ta shiɗewa suna mutuwa. Yawan mutuwar nan ne ya sa aka bincika har aka gano gubar, amma yaran da suka rasu sun kai wajen 400. Ka ga amfanin labarin mutuwa ya kai kunnen hukuma da wuri.

Sabo da haka, ko jariri ne ya koma, ko mace ta rasu wajen haihuwa, a faɗa. Kada a ce jariri bai bar dukiya ba, me za a rubuta. In mun zo muna tambayar yadda ciwon ya fara, da kwana nawa ya yi, da irin alamun da aka gani, kada ranku ya ɓaci. Mun san muna taɓa muku ciwo, amma amsarku tana iya tsare ɗan maƙwabci.

To, jama'a, in akwai rasuwar da aka yi a gidanku ba a rubuta ba, ko ta bara ce, ku tambayi malamin asibitinku ko dagaci ya nuna muku inda mai rajista ya ke zama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.