Châtelet-Les Halles: Kasuwar Da Ta Nutse A Ƙarƙashin Birnin Pari

Duk wanda ya taɓa ɗauko dankalin turawa daga Bonkuku zuwa Yamai ya san Balleyara ranar Lahadi: motoci sun cushe, dabbobi sun tare hanya, kowa na neman inda zai sauka daga wata mota ya hau wata. To, mai karatu ya ƙaddara an haƙa rami an zuba wannan hayaniyar a ciki, an rufe ta da siminti, an kunna mata fitilu dare da rana. Abin da ke ƙarƙashin tsakiyar birnin Pari ke nan, a tashar da ake kira Châtelet-Les Halles. Sunan ma, a kunnen Bahaushe, ya so ya yi kama da shataletale.

Layukan jirgi 8 ne suke haɗuwa a wurin. Biyar na metro ne, wato jirgin cikin gari: layi na 1, 4, 7, 11 da 14. Sauran ukun, A da B da D, na RER ne, jirgin da ke kwaso ma'aikata daga unguwannin bayan gari. An ƙiyasta mutum 750.000 ne ke ratsa wurin a ranar aiki, kuma akasarinsu ba su ko leƙa sama su ga rana. Sauka kawai suke yi daga wannan jirgi, su bi dogayen lunguna da matakalai masu tafiya da kansu, su faɗa wancan.

Asalin wurin kasuwa ce. Tun ƙarni na 12 mutanen Pari ke sayen nama da kifi da kayan lambu a Les Halles. A 1969 hukuma ta kwashe dilolin zuwa Rungis, kudu da birnin, a 1971 kuma aka fara rushe rumfunan ƙarfe da maginin nan Baltard ya tsara, duk da kukan da jama'a suka yi. Shekara da shekaru ba abin da ake gani a wurin sai wani ƙaton rami. A cikinsa aka gina tashar RER, aka buɗe ta a watan Disamba na 1977. Ta metro kuwa tana nan tun 1900. Kantunan zamani da aka ɗora bisa tashar a 1979 ba su taɓa shiga ran mutanen gari ba, har sai da aka sake yi wa wurin sabuwar rumfa a 2016. Mutanen Yamai da suka ga yadda ƙaramar kasuwa ta ƙare bayan gobarar 2012 sun san cewa tayar da kasuwa ya fi maido da ita sauƙi.

Haɗa hanyoyi wuri guda yana da tsadarsa. Tsakanin wannan tasha da Gare du Nord, jiragen B da D rami ɗaya suke bi, hanya ɗaya ta zuwa, ɗaya ta dawowa. In jirgi guda ya tsaya, ko don fasinja ya suma ko don an tsinci jakar da ba mai ita, sai jinkirin ya bazu har filin jirgin sama na Roissy. Tsoron jaka kuwa yana da dalili: ranar 25 ga Yuli 1995 bam ya tashi cikin jirgin B a Saint-Michel, tasha ɗaya tak daga nan, mutum 8 suka rasu.

Ga baƙon Afirka, tashar ƙofa ce kuma shinge ce. Jirgin B ke kawo shi daga Roissy. Layi na 4 ke kai shi Château Rouge, inda zai sami kuɓewa da busasshen kifi, ya ji yarukan gida. Amma a bakin ƙofofin tikitin nan ne masu bincike da ƴan sanda kan tsaya, kuma wanda takardunsa na zama ba su cika ba ya san tafiyarsa na iya ƙarewa a nan. Da yawa daga cikin masu share dakalan jiran jirgi da tsakar dare, bayan jirgin ƙarshe ya wuce, ƴan ci-rani ne.

Duk wannan kai da kawo da lantarki yake tafiya, har da layi na 14 da ba shi da direba tun buɗe shi a 1998. Wajen kashi 2 cikin 3 na wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, kuma tun 1971 har tsawon shekaru fiye da 50 yuraniyom ɗin Arlit yana cikin abin da ya ciyar da su. A ƙasar da ta ba da wannan ma'adini, an ƙaddamar da tashar jirgin ƙasa ta Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo na wajen kilomita 140 zuwa Dosso, sannan aikin ya tsaya ba tare da an soma jigilar fasinja ba. Dankalin Imanan har yau bisa mota yake bin hanyar Filinge zuwa kasuwannin Yamai.